Ƙurungu a Randar Kaka

Akwai wata ƙara da take hana ni barcin rana a gidan ɗana a nan Kaura. Ba ta babura ba ce, ba ta 'yan keke napep ba ce, waɗannan kunnena ya saba da su. Wani ɗan inji ne da bai fi kwalin ashana ba, yana ta ɓulɓul-ɓulɓul a cikin akwatin gilashi cike da ruwa a tsakiyar falo. A cikin ruwan akwai wasu kifaye da ba su kai ɗan yatsa ba, masu gashin baki, jikinsu da ɓawo jere-jere kamar sulke. Ɗana ya ce daga bayan teku aka kawo su. Ya faɗi sunansu da Turanci. Ni da karatuna ya tsaya a aji uku na elemantare na ce ya maimaita, ya maimaita, na ce to Allah ya raya. Na tambaye shi yaushe za su isa miya. Ya ce ba a ci, kallo ake yi, kuma babban burinsa su hayayyafa.

Da ya ce hayayyafa sai na nemi kujera na zauna. Domin kai mai karatu, ka gyara zama, wanda yake maka magana jikan mutumin da ya fara kiwon kifi a cikin gida ne a duk ƙasar Shinkafi. Ba a sa shi a littafin tarihi ba, don masu rubuta tarihi ba su taɓa shan ruwan gidanmu ba.

A Badarawa na tashi, a hannun kakannina na wajen uba. Namijin muna ce masa Tsoho, macen muna ce mata Kaka. Tsoho manomin gero da dawa ne, dogo, siriri, mai yawan tunani. Abin da ya sa na ce mai yawan tunani, in ya jingina da rumbu ya yi shiru yana shafa gemu, kowa a gidan sai ya fara tattara kayansa, don an san wata dabara ce take tafe. Kaka kuwa ita ce ungozomar unguwarmu. Gajeriya ce, hannunta kamar taɓarya, kuma rabin mutanen da suke gaisawa a bakin masallaci ita ta yanke musu cibiya. Saboda haka ba ta jin nauyin kowa. Ni takan kira ni maigidanta, irin wasan kaka da jika, ta ce da ma ni ta aura da ta huta.

Dukiyar Kaka a duniya ɗaya ce, randarta. Da ita aka kawo ta gidan miji. Baƙa ce, ƙatuwa, an binne gindinta cikin yashi a ƙarƙashin durumin tsakar gida, gefenta ya yi gansakuka don daɗewa. Ban san irin yumɓun da aka gina ta da shi ba, amma ruwan da ya kwana a cikinta in ka kurɓa sai haƙoranka sun amsa. Kaka takan jefa saiwar jema a ciki, sai ruwan ya riƙa ƙamshi kamar ƙasar da aka yi wa yayyafin farko. A waɗancan shekarun azumi a tsakiyar bazara yake faɗowa, lokacin da ko ƙadangare ba ya taka ƙasa da rana. La'asar na yi za ka ga yara sun yi layi a ƙofar gidanmu da ƙwarya, daga gidan liman, daga gidan mai unguwa, har daga ƙarshen gari, kowa na son ya buɗe baki da ruwan randar Kaka. Ita kuma tana zaune a kan kujerarta da moɗa a hannu, tana ɗiba tana yi wa kowane yaro gorin yadda ya yi kuka ranar da aka haife shi. Wannan layin shi ne sarautarta. Ba ta da wata.

To, a wata shekara, kafin azumi da ɗan lokaci, gulbi ya janye ya bar gurabu, aka yi shelar su, wato kamun kifin gayya. Yaran yanzu ba su san su ba. Gari ne gaba ɗaya yake faɗawa ruwa rana ɗaya, manya da homa da gora, yara da tsohon kwando ko hannu kawai, a dama ruwan har ya koma kunu, kifi ya rasa wurin ɓuya. Ni a ranar Allah ya ba ni ƙurungu biyu manya a cikin kogon wani icce. In ba ka san ƙurungu ba, ɗan'uwan tarwaɗa ne, amma shi soja ne. Kansa ƙashi ne zalla kamar kwalkwali, yana da ƙaya a gadon baya da kowane gefe, in ka kama shi sai ya miƙe su ya kafe, yana wata ƙara ƙurr-ƙurr kamar tsohon da aka tasa daga barci. Ɗayan ya soke ni a tafin hannu, zafin ya kai har hammata, amma ban sake shi ba. Na zuba su a ƙwarya da ruwa na nufi gida, ina tafe ina lissafin wanda zan gasa da wanda za a sa a miya.

A zaure na tarar da Tsoho ya jingina yana shafa gemu. Ya leƙa ƙwaryar ya daɗe.

"Kai, zauna in tambaye ka. In munka girbe gero, muna cinyewa duka?"

Na ce a'a, ana ajiye iri.

"Akuya fa? Kaza fa? To mi ya sa kifi kaɗai muke cinyewa har uwa har uba, sannan mu zauna jiran gulbi?"

Abin da na sani kawai shi ne a nan take kifina ya tashi daga abinci ya koma iri.

Da Tsoho ya yi shiru da bakinsa da abin ya zo da sauƙi. Amma bayan sallar la'asar sai ya tsaya a inuwar masallaci ya gaya wa dattawa cewa shi zai sa ƙurungu ya haihu a cikin gidansa, nan gaba mai son kifi sai dai ya yi sallama a zaurensa. A cikin dattawan akwai sarkin ruwa, wanda iyaye da kakanninsa masunta ne. Bai yi musu ba. Ya dai ce in an yi haihuwar a aiko masa, zai zo barka da goronsa. Aka yi dariya. Dariyar nan ita ta ɗaure Tsoho.

Saura wurin ajiya. An gwada kwatarniya, kafin a juya kyanwa ta zo ta zauna a bakinta tana lasar baki. An gwada tulu, Tsoho ya ce ko fursuna ba a yi masa haka. A lokacin Kaka ba ta gida, an zo an ɗauke ta zuwa wani ƙauye wajen wata mai doguwar naƙuda, za ta kwana biyu. Na ga Tsoho ya dubi gindin durumi. Na dubi Tsoho. Ya ce aro ne.

Ranar da Kaka ta dawo, rana tsaka, ta sha tafiya, ko mayafi ba ta cire ba ta nufi randa. Ta ɗaga faifai, ta zura moɗa, ta ɗago. Sai moɗar ta ce mata ƙurr-ƙurr. Ba ta yi ihu ba, Kaka ba ta ihu. Ta mayar da moɗar a hankali, ta rufe, ta je ta tsaya a kan Tsoho yana saƙar igiya.

"Malam, baƙi munka yi?"

"Iri ne. Haihuwa za su yi."

"A ɗakina na aure?"

"Randa ce, ba ɗaki ba."

"To ji nan. Ran da anka ga watan azumi, ko sun haihu ko ba su haihu ba, randata nike so. Mutane na da haƙƙi a kanta."

Tsoho ya ce ya yarda, don a lissafinsa na mai awaki, in aka haɗa namiji da mace wuri ɗaya aka ba su abinci, sauran aikin ba na mutum ba ne.

Daga nan gidanmu ya koma shan ruwan tulu, mai ɗumi kamar an wanke hannu a ciki, su kuma ƙurungu suna can cikin sanyi da ƙamshin jema kamar 'ya'yan sarki. Tsoho yana ba su dusa, yana ba su tsaki, da sassafe ya je ya fasa suri ya kawo musu gara. Yakan rage ruwan ya ƙara sabo daga rijiya. Ya hana kowa ɗaga faifai ba dalili, ya ce ko dabba tana son sutura. Wata rana ya leƙa ya ga ɗaya ya juya ciki sama yana iyo, ya fara salati, ya zura hannu zai ɗauko gawa, gawar ta soke shi a babban yatsa. Ashe haka ɗabi'arsu take, sukan yi iyo a rigingine in sun ga dama. Ya yini da yatsa a naɗe da tsumma, yana cewa alamar lafiya ce.

Babbar muhawara ita ce wane ne namijin. Tsoho ya ce mai ƙaton cikin nan shi ne namiji, don shi ya fi ci, ga shi ba ya magana. Siririn mai yawan ƙurr-ƙurr ita ce macen. Kaka tana tankaɗe ta ce in dai yawan surutu ba aiki ne alama, to ta san namijin, ta kuma san wanda ya koya masa. Ni dai nawa addu'a ce. Kullum in na ga sun ƙara ƙiba sai in ji tausayin kaina, in roƙi Allah ya kawo watan azumi lafiya.

Kwanaki suka yi ta tafiya, ba haihuwa ba alamarta. Watan Sha'aban ya tsufa. Mata suka fara tambayar Kaka a wajen daka ko bana akwai ruwa, tana ce musu akwai, da ƙarfi, yadda za a ji a zaure. Tsoho ya rage zama a inuwar masallaci, ana sallama yake ɗaukar takalmi, don sarkin ruwa ya ɗauki al'adar tambayarsa ya mai ciki.

Ana saura 'yan kwanaki a duba wata, sai hadari ya haɗu ta gabas, irin na farkon nan da yake zuwa ba a shirya ba. Iska ta ɗauke faifan randa ta kai shi bayan danga. Ruwa ya sauka, ya zubo ta cikin ganyen durumi ya cika randar har baki, mai sanyi, sabo. Da gari ya waye Tsoho ya leƙa, sai na ji yana kirana da wata murya da ban san shi da ita ba. Na leƙa. A jikin randar daga ciki, da ƙasanta, ga wasu 'yan ƙwayoyi birjik kamar an watsa gero jiƙaƙƙe. Ƙwai ne. Kuma mai ƙaton cikin nan, namijin Tsoho, shi ne cikinsa ya saɓe.

Tsoho bai tsaya a kan wannan ba, manyan mutane ba sa tsayawa a kan ƙananan kurakurai. Ya shiga ɗaki ya sako babbar rigarsa ta Juma'a, ya kafa hula, zai je ya taho da sarkin ruwa da dattawa su gani da idonsu. Har ya kai bakin zaure sai ya juyo. Kaka tana gindin murhu tana hura wuta. Da ya wuce kawai da an zauna lafiya. Amma an daɗe ana yi masa dariya, kuma mutum in ya ci nasara bakinsa kan yi ƙaiƙayi.

"Ke ungozomar gari, ga mai jego a cikin gidanki kin zauna. Ko sai na waje kinka iya? Tashi ki yi mata abin da ya kamata."

Kaka ta ɗago ta dube shi.

"Kai kac ce?"

"Ni nac ce."

"Maigidana, kai ne shaida," in ji ta, tana nuna ni da muciya. Tsoho ya fice kiran dattawa.

Yanzu dole in yi wa yaran zamani bayani. A wancan lokacin, mace in ta haihu, abu na farko da ungozoma take yi mata shi ne wankan jego. A tafasa ruwa a babbar tukunya har ya yi ta tsalle, a jefa ganyen runhu, a riƙa tsoma ganyen ana fyaɗa mata a jiki safe da yamma, sannan a bi ta da kunun kanwa. An yi imani in ba a yi haka ba sanyi zai shige ta. A wurin Kaka, barin mai jego cikin ruwan sanyi ba sakaci ba ne kawai, abin kunya ne ga sana'a.

Ta ɗora babbar tukunya. Ta ciro runhu daga cikin kayanta. Ta ƙara icce. Ba ta gaggawa, ba ta kuma jinkiri, fuskarta irin wadda take shiga ɗakin haihuwa da ita. Na ce, Kaka, kifi ne fa. Ta ce ita ba ta taɓa tambayar mai jego asalinta ba. Da ruwan ya tafasa ta rage na randar da ƙwarya, ta yi bisimilla, ta fara zubawa tana kaɗa ganye a ciki, har da 'yar addu'ar da take yi wa kowace mai jego, Allah ya ba da lafiyar shayarwa. Na ji ƙurr-ƙurr sau ɗaya, daga nan shiru. Ta kawo ɗan kunun kanwa ta tsiyaya a kai, don kada a ce ta rage wani abu.

Sallamar dattawa ta zo daidai lokacin da tururi yake tashi daga gindin durumi. Tsoho ne a gaba, riga tana jan ƙasa, yana ba da labari da hannu biyu. Ya iso ya tsaya. Mai jego da angonta suna sama, ciki sama, amma wannan karon ba iyo suke yi ba. Ƙwan ya yi fari fat. Tsakar gida ta ɗauki ƙamshin da ni kaɗai na yi murna da shi.

"Mi kinka yi?"

"Abin da kac ce. Tun ina budurwar ƙarfi nike wankan jego a garin ga, ba wadda ta taɓa kawo ƙara."

Sarkin ruwa ya leƙa ya daɗe yana kallo. Mutumin kirki ne, bai yi dariya ba, sai dai gemunsa da ya riƙa rawa. Ya ce shi shaida ne an yi ƙwai a cikin randa, abin da bai taɓa gani ba, kuma ba zai ɓoye ba. Ya ciro goro ya miƙa wa Tsoho, ya ce ga na barka, na ta'aziyya kuma a yi masa haƙuri bai zo da shiri ba.

Mutane sun sha tambayata, shin Kaka da gangan ta yi don ta karɓi randarta, ko tsakaninta da Allah aikinta ta yi? Na yi shekaru ina nazarin wannan mas'ala da ɗan ilimin da nake da shi. Abin da na gano shi ne, matar da ta san ranar haihuwar rabin gari ba za a ce ba ta san abin da tafasasshen ruwa yake yi wa kifi ba. Amma kuma na ga fuskarta lokacin da take addu'ar, ba wasa a ciki. Na bar wa malamai. Ni dai na ci kifina a ranar, duka biyun, yana ɗan ɗacin runhu.

Kaka ta samu randarta kafin wata ya tsaya, amma ba a nan maganar ta ƙare ba. Ta wanke ta da toka, ta goge da ɓawon dawa, ta kifa ta a kan hayaƙi, ta shanya, ta zuba jema har ninki. Sai dai yumɓu yana da riƙo. Ruwan zafin nan ya buɗe jikin randar ya tura ƙarnin kifi can ciki inda hannu ba ya kaiwa. Ranar azumin farko yara suka yi layi kamar kullum. Sanyi yana nan, ba abin da ya ragu. Amma in ka kurɓa, bayan sanyin ya wuce, sai wani abu ya biyo baya ya tsaya a maƙogwaro, kamar ka sha ruwan da aka wanke tukunyar miya da shi. Mai azumi ba ya zaɓe, ranar farko kowa ya shanye. Rana ta biyu layin ya ragu. Kafin azumi ya raba, gidan liman sun aiko cewa sun gode, sun sayi sabon tulu. Kaka takan fito da la'asar ta zauna a kujerarta da moɗa, ta gyara ɗaurin kallabi, ƙofar gida ba kowa sai awaki. Wannan kam ban yi dariya ba ko a lokacin.

Abin da ya biyo baya shi ne abin da na fi tunawa. A gidan nan ba wanda ya taɓa furta kalmar ƙarni. In Tsoho ya ce akwai, ya amsa cewa shi ya ɓata mata kayan aure. In Kaka ta ce akwai, ta amsa cewa wankanta ne ya kafe shi. Saboda haka kullum aka kira magariba sai ta cika moɗa ta miƙa masa da hannu biyu, ya shanye tas, ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Ruwa sai randarki." Ita kuma ta karɓa ta sha nata ta ce, "Jemar bana ta yi kyau." Mu yara muna gefe muna shan na tulu. Haka suka yi ta yi, azumi bayan azumi, rani da damina, har Allah ya karɓi Tsoho. Bayan rasuwarsa ma ba ta canza randa ba.

Yanzu ga ni a Kaura. Gulbin da muka yi su a cikinsa ba ya zuwuwa yadda ake so, saboda halin da ƙauyukanmu suke ciki, shi ya sa ma yara suka ɗauko ni. Likitoci sun hana wankan tafasasshen ruwa, kuma na ji an ce suna da hujja. Kifayen ɗana sun manna ƙwansu a jikin gilashi makon jiya, ya kwashe shi a hankali ya sa a wani ƙaramin akwati, yana auna ɗumin ruwan da wani tsinke mai lamba. Na ce masa kakana ya riga shi, ya ce Baba ke nan.

Randa kuwa babu ita a gidan nan. Ruwa a leda yake zuwa, a jefa a firji, in an kawo wuta ya yi sanyi, in ba a kawo ba a sha haka. Ba jema, ba ƙarni, ba ruwan kowa ba ne. Rannan matar ɗana ta miƙo masa ɗaya, ya kurɓa ya yamutsa fuska ya ce yana warin roba. Ta ce to ita ta yi ledar? Ya jefar, ta ɗauko wata, magana ta ƙare, kowa ya koma kan wayarsa. Gaskiya suka faɗa su duka biyun, ban ce ba. Ni dai na zauna ina kallonsu ina tunani, yaran nan Allah ya ba su komai, amma ko abin da za su yi wa juna kara a kansa ba su da shi.